Rayuwa a ƙaramin jirgin filafili a gaɓar Bahar Maliya: tambayoyi da amsoshi

Ni haifaffen Bur Sudan ne, babbar tashar jiragen ruwa ta ƙasar Sudan a gaɓar Bahar Maliya. Kakana ya baro ƙasar Haɗejiya da ƙafa da niyyar aikin hajji, ya sauke farali, a hanyar dawowa ya yada zango a wannan gaɓa, zama ya kama shi. Sana'ata gyaran injin dizal, kuma ta dalilinta ne wani dattijon Bature da matarsa suka ɗauke ni aiki a jirginsu, tun kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023, muka bi gaɓa daga Sawakin ta Sudan har Suwez ta Masar, tafiyar mako bakwai. Tun daga lokacin 'yan'uwa na Najeriya da Nijar ba su daina yi mini tambaya ba. Ga waɗanda aka fi yi.

Wane irin jirgi ne wannan da mutum zai mai da shi gida?

Wanda na zauna a ciki tsawonsa mita 12 ne, faɗinsa bai kai huɗu ba. Turawa na ce masa yot. A tsakiyarsa akwai jigo guda mai tsawo, an ɗaure shi da wayoyin ƙarfe ta kowane ɓangare, a jikinsa ake ɗaga filafilai biyu, babba a baya, ɗaya a goshi. Idan ka sauka matakala huɗu sai ka tarar da ɗan falo mai tebur, da murhun gas mai kai biyu wanda aka rataye shi yadda zai riƙa lilo don kada tukunya ta tuntsure, da ɗakunan kwana biyu da ba ka iya miƙewa tsaye a kan gadonsu, da banɗakin da bai fi akwatin firji girma ba. Injin yana ƙarƙashin matakala. Komai na jirgin yana da mazauninsa, har cokali, domin abin da ka ajiye sakaka igiyar ruwa za ta jefe ka da shi.

Me ya bambanta bin gaɓa da tsallaka teku?

Mai tsallaka teku yakan yi mako biyu ko uku bai ga ƙasa ba. Mai bin gaɓa kuwa tafiyar fatake yake yi. A tashi da asuba, a yi mil 30 ko 40 na teku, a yada zango tun rana na sama. Mil ɗaya na teku mita 1,852 ne, jirgin kuma ba ya wuce mil biyar zuwa shida a awa, wato mai keke ma zai wuce shi.

Gaɓar Sudan Allah ya yi ta don irin wannan tafiya. Akwai wasu lunguna da teku ke kutsawa cikin hamada, ana ce musu marsa, ko hor idan sun yi tsawo: Marsa Fijab, Marsa Arakiyai, Marsa Inkefal, Hor Shinab. Bakinsu ƙunci, cikinsu kwance kamar ruwan randa, ko da a waje teku na hauka. Su ne zangonnin. Kyaftin kuma madugu ne sak, shi ke cewa a tashi, shi ke cewa yau ba tafiya, ba a musu da shi sai an sauke anka, wato ƙarfen da ake saki ƙasan ruwa ya riƙe jirgi.

Ba ya kifewa? Na ga hotonsu suna tafiya a karkace.

Karkacewar ɗabi'arsa ce. A ƙarƙashinsa akwai wani faffaɗan ƙarfe ko dalma mai nauyi, wanda ya kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin jirgin duka. Iya yadda iska ta kwantar da shi, iya yadda wannan nauyi ke jawo shi ya miƙe. Idan iskar ta yi yawa sai a rage filafili, a naɗe wani sashe. Dattijon nan yakan ce mini lokacin ragewa shi ne lokacin da abin ya fara zo maka a rai, kada ka jira ka gani.

Idan iska na busowa daga inda kuka nufa fa?

Wannan ita ce babbar jarrabawar Bahar Maliya. Daga wajajen Bur Sudan zuwa Suwez iskar arewa ce ke mulki kusan duk shekara, mai zuwa arewa kuwa a fuska yake karɓarta. Jirgin filafili ba ya shiga iska kai-tsaye. Sai dai ya yanke ta a kaikaice, ya yi dama, ya juyo hagu, kamar jaki mai kaya yana hawan tudu. Tafiyar mil 20 sai ta zama kusan 40. Ga igiyar ruwan wannan teku gajera ce mai tsini, tana dukan goshin jirgi kamar ana sara da gatari, har ya tsaya cik.

Saboda haka abin da ake yi shi ne jira. Iska takan yi kwana huɗu, biyar, wani lokaci mako, tana busawa ba sassauci, sannan ta huta kwana ɗaya ko biyu. A wannan ɗan tsakanin ne ake tada inji a yi ta gudu dare da rana. Mun yi kwana tara a Hor Shinab ba mu motsa ba. Babu gari, babu shago, sai duwatsu masu launin jan ƙarfe da raƙuma suna saukowa bakin ruwa da yamma. Kwana uku na farko raina ya ƙuntata ƙwarai, ina ta lissafin abin da ya rage na tafiya. Daga baya na lura ni kaɗai ke lissafi. Matar dattijon tana ɗinkin filafili, shi yana kwance famfon banɗaki yana gyarawa, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi kalanda. Wanda ya shiga jirgin nan da ranar isa a aljihunsa, shi ne yake fita cikin mummunar iska, kuma yawancin ɓarnar da na ji labari daga nan take farawa.

Masu zuwa daga kudu sukan shigo ta mashigin Babul Mandab tsakanin Fabrairu da Afrilu, domin a lokacin iskar kudancin tekun daga kudu take, tana turo su har kusan Sawakin. Zafin bazara kuwa, da yakan haura digiri 40, ba a son a gamu da shi a cikin jirgi.

Ina haɗari ya fi yawa, tsakiyar teku ko kusa da gaɓa?

Kusa da gaɓa, nesa ba kusa ba. Mutanenmu suna jin tsoron zurfi, amma zurfi ba ya fasa jirgi. Dutse ke fasawa. Gaɓar nan cike take da duwatsun murjani, waɗanda Larabawa ke kira sha'ab, suna tasowa daga ƙasan teku a miƙe kamar katanga. Na'urar auna zurfi za ta nuna maka mita 60, kafin ka ƙifta ido ta nuna biyu. Taswirar da ke cikin na'ura kuma an gina ta ne a kan tsohon awo, a wasu wuraren sai ta nuna jirginka a kan tudu alhali kana tsakiyar ruwa.

Don haka ido ne jagora. Mutum ɗaya yakan tsaya a goshi ko ya hau jigo yana karanta launin ruwa. Shuɗi mai duhu irin na baba, zurfi ne, wuce. Tsanwa mai haske, yashi ne, ana iya sauke anka. Ruwan ƙasa ko ruwan goro, murjani ne dab da sama, kauce. Amma wannan karatu sai rana na sama ko tana bayanka. Marsa kuwa bakinta gabas yake kallo, mai shiga yamma yake fuskanta. Idan la'asar ta yi, rana na cikin idonka, ruwan duk ya koma kamar farantin azurfa, ba ka ganin komai.

Sau ɗaya muka karya wannan doka. Mun makara saboda igiyar kamun kifi ta naɗe a farfelar inji, muka iso bakin wata marsa bayan ƙarfe huɗu. Ni ne a goshi. Ina kare ido da tafin hannu, ina ganin kamar hanya a buɗe take, sai na ji wani ƙara daga ƙasa, gurrr, kamar ana jan turmi a kan siminti, jirgin ya girgiza ya tsaya. Allah ya taimake mu tafiyar a hankali muke yi. Dattijon ya sa giyar baya, ni da matarsa muka koma gefe ɗaya muka rataya jikinmu a waje don jirgin ya karkata, da ƙyar ya zame. Da na nutsa da safe na ga inda dutsen ya kankare ƙarfen ƙasa, faɗin tafin hannu biyu. A wannan teku bambancin cikar ruwa da janyewarsa kaɗan ne, ba kamar wasu tekunan ba inda za ka jira ruwa ya cika ya ɗaga ka. Wanda ya hau murjani da gudu a nan, sau da yawa a nan jirginsa ke ƙarewa.

Ruwan sha fa, tunda na teku gishiri ne?

Gishirinsa ma ya fi na yawancin tekuna, kusan giram 40 a kowace lita, saboda babu wani babban kogi da ke zuba a cikinsa, ga rana na ƙafar da shi. Tankinmu lita 400 yake ci. Akwai kuma wata na'ura da ke matsa ruwan teku da ƙarfi ta cikin matata ta fitar da na sha, amma tana cin wuta, wutar kuma daga faifan sola da batura take. Don haka kwano da tukunya da ruwan teku ake wankewa, a ɗauraye da kofi ɗaya na mai daɗi. Wanka ma haka, a faɗa teku, a fito a watsa lita ɗaya. Wanda ya taso a gidan da ake sayen ruwa a wajen 'yan garuwa ba zai sha wahalar koyon wannan ba.

Malam, yaya kake yi da alwala da salla?

Alwala ba matsala. Tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, matafiya teku suka kawo wannan tambaya, cewa suna ɗaukar ruwa kaɗan, idan suka yi alwala da shi ƙishi zai kama su. Aka ba su amsa cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Guga nake jefawa da igiya in ɗebo.

Idan muna kan anka nakan shimfiɗa darduma a goshin jirgi in yi salla a tsaye. Sai dai jirgi a kan anka yana juyawa da iska, don haka nakan duba kamfas kafin kabbara. Idan muna tafiya kuma teku ya tashi, tsayuwa na iya jefa mutum ruwa, sai in yi a zaune. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne yadda alƙibla ke sauyawa. A Sawakin arewa maso gabas take. Da muka kai Hor Shinab sai ta zama gabas sak, domin wurin kusan layi ɗaya yake da Makka. A Masar kuma ta koma kudu maso gabas. Dare da yawa na zauna ina kallon gabas, na san Ka'aba na can bayan ruwan nan, tafiyar da ba ta kai kwana biyu ba a irin jirginmu.

Me kuke ci?

Shinkafa, taliya, wake, adas, albasa, dankali, kabeji, abin da ba ya saurin lalacewa. Burodi a jirgi ake gasawa. Kifi kuwa sai ka gaji, ana jan ƙugiya a bayan jirgi, kafin azahar an kama babba. Wanda aka hana ni taɓawa shi ne ɗan'uwan talibambam na teku, dafinsa na kisa. Ni na tafi da kuka da daddawa da yaji, kuma ranar da na yi musu miyar kuka da ɗanyen kifi, matar dattijon ta rubuta yadda ake yi a littafinta.

Banɗaki fa?

Famfon hannu ne, yana jawo ruwan teku ya wanke. Ba a jefa komai a ciki, ko takarda. Idan ya toshe, wanda ya toshe shi ne ke kwancewa.

Ana samun barci kuwa?

A marsa mai kyau, barci ya fi na gida. Amma sai anka ta kama. Ana neman yashi, a saki sarƙa ninki huɗu ko biyar na zurfin wurin, a ja da baya da inji a tabbatar ta nutse. Duk da haka kunnen mai jirgi ba ya barci. Ƙarar sarƙa ta sauya, ko iska ta juya, za ka ga dattijon ya fito da tocila yana duba ko muna nan inda muke. Idan tafiyar dare ce, sa'a uku-uku muke karɓa-karɓa, mai gadi yana ɗaure da igiya a jikin jirgi. Wanda ya faɗa ruwa da dare alhali sauran na barci, da wuya a same shi.

Jiri da amai?

Kusan kowa yana yi, yawanci kwana biyu ko uku jiki ya saba. Kada ka sauka ciki, zauna a waje ka kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa, ko ka karɓi sitiyari. Citta na taimakawa.

Me ya sa kake yawan ambaton Sawakin?

Domin ta nan kakanninmu suka bi. Kafin jirgin sama, alhazan ƙasar Hausa da Barno sukan keto Wadai da Darfur da Kurdufan, wasu shekara biyu, wasu bakwai, suna tsayawa su yi noma ko ƙodago su tara guzuri, har su iso wannan tashar su hau jirgin katako mai filafili zuwa Jidda. Da yawa ba su koma ba, mu ne jikokinsu.

Tsohon garin a kan wani ɗan tsibiri yake, zagayayye, a ƙarshen wata doguwar hanyar ruwa mai ƙunci. Turkawa sun riƙe shi tun ƙarni na 16. Gidajensa da tubalin murjani aka gina su, hawa biyu, hawa uku, da tagogin katako masu sassaƙa. Da manyan jiragen tururi suka zo, hanyar ta yi musu kaɗan, sai Ingilishi suka fara gina Bur Sudan a 1905, aka buɗe ta a 1909, kasuwa ta tashi ta koma can. Ginin murjani kuwa idan ba a yi masa yaɓe yana zubewa, haka gidajen suka rushe ɗaya bayan ɗaya. A 'yan shekarun baya Turkiyya ta gyara masallatan Hanafi da Shafi'i da wasu gine-gine. Har yanzu daga tashar Usman Digna da ke bakin hanyar ake hawa jirgin fasinja zuwa Jidda.

Na sha zuwa Sawakin a mota tun ina yaro, bai fi tafiyar awa ɗaya daga gidanmu ba. Amma daren da na kwana a kan anka dab da kangayen, na ji kiran assalatu yana tahowa a kan ruwa, sai na tuna kakana ya kwana a nan yana jiran iska kamar yadda nake jira. Ban iya komawa barci ba.

Ban da ruwa da hamada, akwai abin gani?

Abin ganin yana ƙarƙashi. Sanganeb wani zoben murjani ne a tsakiyar ruwa, arewa maso gabas da Bur Sudan, da doguwar hasumiyar fitila a kansa. Shi da yankin Dungunab hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren gadon duniya a 2016. A Dungunab akwai wata dabba 'yar'uwar ayu, tana kiwon ciyawar ƙasan teku. A Sha'ab Rumi, Bafaranshen nan mai binciken teku Jacques Cousteau ya gina ɗakuna a ƙarƙashin ruwa a 1963, mutanensa suka zauna ciki wata guda, ragowar ginin na nan. Kusa da tashar Bur Sudan kuma akwai Umbria, jirgin Italiya da ma'aikatansa suka nutsar da shi da gangan a watan Yunin 1940 don kada Ingilishi su ƙwace bama-baman da ya ɗauko.

A tudu, mutanen Beja ne, makiyaya da masunta. Wani dattijonsu ya zo mana a kwalekwale yana neman ruwan sha da maganin ciwon ido, muka ba shi, ya dafa mana jabana, gahawa mai citta, a kan garwashi a bakin ruwa.

Haka kawai ake shiga ƙasar mutane?

A'a. Kowace ƙasa tana da tashoshin da aka yarda a shiga ta nan, kamar Sawakin da Bur Sudan, ko Port Ghalib da Hurghada a Masar. Ana ɗaga tuta ruwan ɗorawa, alamar ba a riga an duba jirgin ba, a kira hukuma ta rediyo a tasha ta 16, kowa ya zauna a ciki har jami'an shige-da-fice da kwastan su gama. Fasfo, biza, takardar mallakar jirgi, jerin sunayen mutanen ciki. Yawanci sai da wakili ɗan gari. Akwai kuma wuraren da sojoji ba sa yarda a taka ƙasa, musamman yankin Halayib da Sudan da Masar ke jayayya a kansa.

Ƙaramin jirgi yana bin mashigin Suwez?

Yana bi. Tsawonsa kilomita 193 ne, an buɗe shi a 1869. Ana auna jirgin a yanka masa kuɗi, a ba shi jagora, a tafi da inji ba da filafili ba, a raɓe gefe manyan jirage na wucewa kamar unguwa guda na tafiya. Kwana biyu ake yi, a kwana a Isma'iliyya. Ni a Suwez na sauka.

Wannan ba harkar masu kuɗi ba ce kawai?

Akwai masu kuɗin, jiragensu kamar otal. Amma yawancin waɗanda na haɗu da su a marsa ba haka suke ba. 'Yan fansho ne, ko waɗanda suka sayar da gida suka sayi tsohon jirgi, suna ƙirga kowace lita ta dizal. Gishiri na cin ƙarfe, rana na cin igiya da filafili, kullum akwai abin da ya lalace, kuma babu bakanike a hamada. Dattijon nan shi ne mai aikin famfo, shi ne mai wayarin, shi ne tela. Abin da ya sa ya ɗauke ni shi ne hannunsa ya fara rawa, ba ya iya kwance allurar inji. Ban ga hutu a rayuwar nan ba, na dai ga mutanen da suka zaɓi wahalar da suke so.

Yanzu ana iya wannan tafiya?

Ba na ba kowa shawarar ya yi ta yanzu. Tun Afrilun 2023 Sudan ke cikin yaƙi, kuma a watan Mayun 2025 jirage marasa matuƙa sun kai hari Bur Sudan kanta. A kudu, daga ƙarshen 2023 'yan Huthi na Yaman suka shiga kai wa jirage hari a wajajen Babul Mandab. Kafin wannan ma akwai 'yan fashin tekun Somaliya, waɗanda a 2011 suka kama wani ƙaramin jirgi irin wannan, Amurkawa huɗu da ke ciki suka rasa rayukansu. Jiragen da ke biyowa sun ragu ƙwarai, kuma masu kawo musu dizal da kayan miya a Sawakin, cikinsu har da 'yan'uwanmu, sun rasa abin yi. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina.

Ni ɗan tudu ne, ban taɓa ganin teku ba. Ta ina zan fara?

Fara da iyo, a wurin da akwai mai lura da kai. Sannan ka riƙe wata sana'ar hannu da jirgi ke buƙata: injin dizal, wayarin, sola, walda, ɗinkin tamfol, ko girki. Masu jirage kullum suna neman irin waɗannan. Idan kana Najeriya, akwai kulob na masu jiragen filafili a Legas tun 1932, inda ake tsere da ƙananan jirage, kuma masu tsere ba sa rasa buƙatar mai jan igiya. Ƙaramin jirgi na mutum biyu ya fi babba koyar da iska, domin kuskurenka nan take za ka ji shi a jikinka. Kafin ka je, nemi igiya kamu biyu ka koyi ƙullin da ba ya zamewa kuma ba ya cijewa, ka yi ta yi har ka iya ɗaura shi a cikin duhu. Shi ne abu na farko da dattijon ya miƙo mini ranar da na taka jirginsa, tun kafin ya nuna mini injin.